Rigar Kaka Tsakanin Ayaba da Ƙudan Zuma

Kuskurena ƙarami ne, kuma na wauta: na haska wa mutane bidiyo a talabijin ban kalle shi har ƙarshe ba. Shi ke nan. Akwai yaran unguwarmu Hindawiyya da suka fasa gilashin motar mutane, akwai waɗanda suka gudu da babur ɗin da ba nasu ba, an zane su, an manta. Ni yatsa kawai na danna, ga shi har yau ban gama gani ba.

Yayana ne ya turo bidiyon daga Jamus. Shi ne babba a gidanmu, ni ke bi masa, sai ƙannenmu mata. A Jidda aka haife mu, kamar yadda aka haifi Baba, amma fasfonmu kore ne, na ƙasar da sau ɗaya muka taɓa zuwa muka dawo da zazzaɓi. Yaya irin yaran nan ne da ke sa iyaye su riƙa harar sauran 'ya'yansu. Ba ya surutu, ba ya ƙwallo, ba ya dariya sai da dalili. Haka ya yi ta cin littafi har ya samu gurbin karatun injiniya a wani gari na Jamus da ke bakin kogi, garin da in ka faɗi sunansa daidai sai maƙogwaronka ya yi kwana biyu yana ciwo.

Baba tela ne. Tun kafin a haife ni yake ɗinka wa Larabawa farin tob, doguwar rigar nan tasu, a wani shago da sunan kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, ke rubuce a ƙofa. Fari da safe, fari da yamma, har na taɓa cewa in aka tsaga Baba farin zare za a samu a ciki. Riga ɗaya ce mai launi a rayuwarsa: babbar riga shuɗiya mai aikin hannu a ƙirji, ta mahaifinsa, wadda ya zo da ita aikin Hajji bai koma ba. Tana cikin akwatin ƙarfe da kafur, ba ta fitowa sai ranar Idi. Kuma duk ranar da Baba ya sa ta, ni da Yaya sai mu ja baya a kan hanyar masallaci, mu bar tazara, kamar ba tare muke ba, don kada 'yan ajinmu su gan mu su fara kiran "takruni, takruni", sunan rainin da suke kiran baƙaƙe irinmu. Baba bai taɓa waiwayowa ba. Na ɗauka bai sani ba ne.

Da safiyar da Yaya zai tafi, ana ta cusa yaji da kuka a jakarsa, sai Baba ya buɗe akwatin ƙarfen nan, ya ɗauko rigar ya miƙa masa.

"Ka sa ta ranar Idi," in ji shi. "Su san kana da gida."

Yaya ya karɓa da hannu biyu. Sai Baba ya juyo gare ni, ina tsaye ina cin dabinon da aka ɗaure wa matafiyi.

"Kai kuma, in ya riƙe kansa, ka gama sanawiyya, za ka bi shi."

Wanda bai tashi a nan ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Ɗan baƙo da ya gama sanawiyya, wato sakandare, a Jidda hanyoyinsa ba su da yawa. Jami'ar kuɗi ba ta gidan tela ba ce. Iƙama kuma, takardar izinin zama, ba ta jiran mutum ya gama tunani, da gemu ya fara fitowa sai a fara tambayar a ƙarƙashin wa kake zaune. Hanyar da ta rage mini ita ce warshar Kawu a Khumra, can bayan gari cikin rumbunan kaya, inda yake gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Kawu ƙanin Umma ne, kuma tun ina ƙarami yake duban kafaɗuna yadda mahauci ke duban rago.

Saboda haka na rungumi Jamus tun ban gan ta ba. Na fara koyon Jamusanci a waya. Na riƙa yi wa mai ful da tamis, wake da gurasar karin kumallo, godiya da Jamusanci har ya tambayi Baba ko aljanu ne. Na gaya wa 'yan ajinmu cewa an riga an ware mini ɗaki, da taga mai kallon kogi. Na ce a Jamus ko kyanwa tana da digiri. Umma ta ce Hausata ba ta nuna ba, Larabcina na kan titi ne, ga shi na ɗauko yare na uku zan ɓata.

Kawu kuwa duk Juma'a, in ya zo cin shinkafa bukhari a gidanmu, sai ya ɗauko zancen.

"Alhaji, ƙasar da rana ba ta fitowa? Yaron nan yana can yana kuka cikin sanyi. Turawa ko sallama ba sa amsawa. Wannan dai ka ba ni shi, in koya masa abin da zai ci abinci da shi."

"Sai dai in zo in saya warshar, Kawu," in ce.

"Ya walad, kai yaro, goge bakinka, akwai mai."

A watan sanyi na shekarar da zan gama makaranta bidiyon ya shigo wayata. Ina kan hanyar dawowa daga makaranta ne. A ƙasansa Yaya ya rubuta: "Kai kaɗai." Na buɗe a tsaye a bakin titi.

Wallahi na ɗauka garin ne ya haukace gaba ɗaya. Titi cike maƙil, ganguna da kakaki irin na sojoji, manyan motoci an yi musu ado da wasu gumakan takarda masu ƙaton hanci. Tsofaffi da furfura sun yi shigar zomaye. Kuma daga saman motocin ana ta watso alewa, ba da hannu ɗaya ba, da shebur, kamar an ce gobe za a hana shan zaƙi a duniya. Yaya ne ke riƙe da wayar, fuskarsa kawai nake gani da gefen wata lema da ya juya ciki waje yana tarar alewa. Yana ihu, yana cewa bikin Karnebal ne, sau ɗaya ake yi a shekara, kowa sai ya yi shigar wani abu. Yana dariya har ina hango haƙoran da ban san yana da su ba.

Nan wata mota ta yi mini hon, na tsallake, na cusa wayar a aljihu. Ban koma kan bidiyon ba. Me zan koma in gani? Na riga na samu abin da nake so, abin rufe bakin Kawu.

Na fara gwadawa a kan Umma a kicin. Na ce mata Yaya ya zo na ɗaya a jarrabawa, shi ne sarkin garin ya ba da hutu, aka fito da motoci ana watsa masa alewa.

"Ƙarya dai ba ta yi maka wuya," in ji ta, amma tana murmushi, ta leƙa wayar da hannunta duk albasa. "Kai, ya yi ƙiba. Ka nuna wa babanku ranar Juma'a, ya ga ɗansa na dariya."

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci an ci abinci, falonmu ya cika. Ga Baba, ga Kawu, ga maƙwabta biyu, tsofaffin Hausawan Sudan da ba sa wuce shayin gidanmu. Umma da yara suna bakin ƙofar ciki. Na haɗa wayata da talabijin, na tsaya a gefe kamar mai karanta labarai.

"Jama'a, ga ƙasar da rana ba ta fitowa. Ga mutumin da yake kuka cikin sanyi. Kawu, matso kusa, kada hawayen su wuce ka."

Aka kwashe da dariya, har Baba. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce ai wannan kalankuwa ce, su ma Turawa ashe suna yi. Ɗayan ya ce a tambaya ko ana ɗaukar 'yan shara, shi alewar kawai yake so. Na ce kowane ɗalibi ana ba shi buhu biyu ya kai gida, likitocin haƙori ne ke ɗaukar nauyin bikin. Ina ta zuba, ana ta dariya, Kawu ya haɗe rai yana juya cokali a kofi. A raina na ce halas, shi ke nan, na gama da Khumra.

Sai bidiyon ya wuce inda na tsaya.

Wani hannu ya karɓi wayar daga hannun Yaya, ya ja baya don a ga kowa. Abokansa ne. Wani dogon Bature ya shiga cikin rigar ayaba, rawaya, fuskarsa kawai a waje. Wata yarinya ta yi shigar ƙudan zuma, da fukafukai da 'yan ƙahoni masu rawa. A tsakiyarsu Yaya, cikin babbar rigar Kaka.

Ya ɗora ta a kan rigar sanyi, duk ta kumbura. An kafa masa kambin takarda mai ƙyalli a kan hula. Ƙasan rigar ya jiƙe, ya yi baƙi da ruwan titi, tarkacen takardu masu launi sun manne a kan aikin ƙirjin. Da wata mota ta zo wucewa sai ya yar da lemar, ya kama gaban rigar da hannu biyu ya buɗe ta kamar zani, alewa ta zubo ciki, abokan suka yi ta tafi. Mai ayaba ya durƙusa a gabansa yana yi masa gaisuwar sarki. Mai fukafukai ta yi tsalle ta sumbace shi a kunci. Shi kuma ya juya, ya juya, rigar ta buɗe kamar lema, yana dariya.

Na nemi wurin kashewa, yatsana ya ƙi samun wurin. Bidiyon ya ƙare da kansa, ya tsaya cak a kan su ukun.

Ina jin ƙarar mukayyif ɗinmu, wanda Kawu ya gyara.

Na ɗauka sumbar ce za ta tayar da bala'i. Na ma fara shirya ƙarya, zan ce malamarsu ce, tsohuwa ce, kwalliya ce ta ɓoye shekarun. Amma Baba ko kallon yarinyar bai yi ba. Ya ajiye kofinsa, ya nuna talabijin da haɓa.

"Ka ce kowa sai ya yi shigar wani abu?"

"Haka ya ce, Baba."

"Wancan dogon me ya zama?"

"Ayaba."

"Waccan fa?"

"Ƙudan zuma."

"To, shi ɗana me ya zama?"

Duk surutuna, ranar na rasa kalma ko ɗaya a yare uku. Kawu ne ya amsa, a hankali, yana hura shayinsa.

"Ya yi shigar Bahaushe, Alhaji."

Tsofaffin suka tuna suna da wurin zuwa. Umma ta ja yara ciki. Baba ya ce in kira masa Yaya, in sa yadda kowa zai ji.

Yaya ya ɗauka da fara'a, muryarsa a dishe saboda ihun da ya sha. Baba bai amsa gaisuwar ba.

"Idi aka yi a garinku?"

Na ji lokacin da Yaya ya gane.

"Baba, ba yadda ka ɗauka ba ne."

"A Jidda, in na sa rigar nan, kai da ƙaninka kuna barin tazarar mota uku tsakanina da ku. Kun ɗauka ban gani ba. Ban taɓa ce muku komai ba, na ce yara ne. Ashe ba ka ƙi ta ba, rana kake jira. Ranar da kowa ya zama abin dariya."

"Ba dariya suke yi mini ba, wallahi. Baba, tun da na zo garin nan, in na shiga jirgin ƙasa kujerar kusa da ni ita ce ta ƙarshen cika. Ranar nan mutane suna tsayar da ni suna taɓa aikin, suna tambaya wa ya yi, da hannu ne? Na ce ta kakana ce. Ban taɓa faɗin haka da ƙarfi ba a rayuwata, sai ranar."

"Da kambin takarda a kanka ka faɗa."

"Wani ne ya ɗora mini."

"Ka kuma tara alewa da ita."

Baba ya miƙo mini wayar ya tashi, ya shiga ɗaki. Na cire ta daga yadda kowa ke ji, na kai kunne.

"Na rubuta maka kai kaɗai," in ji Yaya. "Kalma biyu. Ko su ma ba ka karanta har ƙarshe ba?"

Ya kashe.

Baba ba mai faɗa ba ne, abin da ya fi muni ke nan. Da ya zane ni da na samu abin ba da labari. Kwanaki ya yi yana zuwa shago yana dawowa, yana cin abinci, yana ce wa Umma an gode. Har na fara tunanin abin ya wuce, na koma yi wa mai ful godiya da Jamusanci. Sai wata safiya, yana ɗaure takalmi a bakin ƙofa, ya ce ba tare da ya ɗago ba:

"In ka gama jarrabawa za ka fara zuwa wurin kawunka. Na yi magana da shi."

"Baba, Jamus fa?"

"Na ce in ya riƙe kansa."

"To ai ni ban sa rigar kowa ba! Ni ko lema ba ni da ita!"

Ya ɗago ya dube ni.

"Shi da ba ya son dariyar mutane, ga abin da ya yi. Kai da za ka iya sayar da gidan nan don a yi maka dariya, me za ka sa? Zanen uwarka?"

Na buɗe baki, na ga duk abin da zan faɗa wasa ne, na rufe.

Umma ta yi ƙoƙari. Na ji ta ta bango tana cewa yaro ne, baƙunta ce, kaɗaici ne, kuma ƙaramin me ya yi? Baba ya ce ƙaramin ne ya tara masa maƙwabta. Ta ce ita ta ce a nuna. Ya ce to su biyu ke nan. Daga nan ba ta sake tayar da zancen ba, sai dai ta riƙa ƙara mini nama a kwano, kamar nama zai ba ni biza.

Labarin kuwa ya zaga Hindawiyya kafin la'asar ɗin ranar, ya tsallaka har Madain Fahd wurin dangi. Kafin ya dawo gare mu ayabar ta zama limamin coci, ƙudan zumar ta zama matar Yaya mai ciki. Da ni ne na ƙara gishirin da na yi alfahari da aikin. 'Yan ajinmu suka daina kirana da sunana. In na shigo sai wani ya ce, "Ya Almani, Bajamushe, yaushe jirgi?" wani kuma ya jefo mini alewa a ƙeya. Na yi dariya tare da su. Ni na koya musu irin wannan wasan.

Abin da ke ci mini rai shi ne na rasa wanda zan ji wa haushi in huta. In na ɗora wa Yaya, sai in tuna fuskarsa, mutumin da ya yi shekaru a gidanmu yana tafiya kamar yana neman gafarar ƙasa, ga shi yana juyi a tsakiyar titi. In na ɗora wa Baba, sai in tuna tazarar nan ta hanyar masallaci, da ƙeyarsa da ba ta taɓa juyowa ba. Kawu kuwa ba ya jin haushin kowa, ya samu ragonsa. Sai in dawo kan yatsana.

Bayan Idi wani mai zuwa Umra daga Jamus ya kawo mana ƙunshi. Rigar ce, an wanke ta a wurin masu wankin inji, an naɗe a leda mai rubutun Jamusanci. Na karanta rubutun da ƙarfi don a san karatuna bai tafi a banza ba, ba wanda ya tanka. Baba ya warware ta, ya duba ƙasan, ya duba ƙirjin da idon tela. Tsaf take, sai dai ƙanshin kafur ya tafi, tana warin sabulun wasu mutane. Ya mayar da ita akwatin ƙarfe. Da Idi na gaba ya zo, farin tob ya sa.

A cikin ƙunshin akwai wata 'yar jaka da aka ce tawa ce. Alewar bikin ce, cike. Ba saƙo, ba komai. Umma ta ware masu taushi ta zubar, wai an ce da kitsen alade ake yin su. Sauran na tafi da su Khumra ranar da na fara aiki. Da azahar, bayan na wanke mukayyif har hannuna ya yi fari ya tattare, na zauna a inuwar wata babbar mota na ɓare ɗaya. Na sha ba mutane labarin alewar Jamus. Tauri gare ta kamar tsakuwa, zaƙin kuma bai kai na wadda ake ba yara canji a bakala, ɗan kantin unguwarmu, ba. Na ba 'yan Bangladash da muke aiki tare, suka karɓa don kunya.

Bidiyon yana nan a wayata. Yanzu na san shi har ƙarshe, na san inda mai ayaba ke yin tuntuɓe, na san wata tsohuwa a baya da ke cusa alewa a jakarta tana harar yara. Wani lokaci ina tsayar da shi daidai inda motar nan ta yi mini hon, in duba fuskar Yaya da lemarsa, lokacin da komai bai lalace ba.

Yaya yana can yana karatunsa. Yana kira ranar Juma'a, su gaisa da Baba, ya tambayi ɗinki, Baba ya tambayi sanyi, sai a miƙa wa Umma. Ni da shi mun koma magana, amma bai sake turo mini bidiyo ba. An mayar da iƙamata ƙarƙashin kafilin Kawu. Ban je Jamus ba. Ina Khumra, ina wanke mukayyif.